Ƙuri'ar Atinawa: Mulki da Ƙwayar Wake da Tsingaro

 Yau filin tarihi zai kai mu ƙasar Girka ta dā, amma da kalmar gida za mu fara. Idan lokacin zaɓe ya zo, kowa cewa yake za shi jefa ƙuri'a. To amma tambayi mai adashe abin da ake nufi da ƙuri'a. Za ta ce maka ita ce ake yi idan an rasa wanda zai fara kwasa: a rubuta sunaye a dunƙule, a sa yaro ya ɗauko ɗaya, wanda Allah ya ba shi ke nan. Wannan ita ce ma'anar kalmar ta asali a Larabci, inda muka aro ta. Abin da zai ba ku mamaki, mutanen birnin Atina da suka raɗa wa dimokuraɗiyya suna, irin ƙuri'ar mai adashe suka fi amincewa da ita wajen raba muƙamai. Zaɓe irin namu kuwa, suna yi masa kallon hanyar da manya ke bi su riƙe mulki.

Duk shekarun da za mu ambata na kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ne, sai inda muka faɗi akasin haka. Lissafinsu baya-baya yake tafiya, wato 500 ta riga 400 zuwa.

A wancan zamani babu wata ƙasa guda mai suna Girka. Garuruwa ne wajen dubu, kowane da ganuwarsa da ƙauyukansa da dokokinsa, harshe ɗaya suke yi amma kullum cikin yaƙar juna. Irin wannan gari mai cin gashin kansa shi suke kira polis. Daga nan Faransanci da Ingilishi suka samo kalmarsu ta siyasa, har ma sunan ɗan sandan da muke ce wa polis can ya samo asali. Atina tana cikin manyansu, ƙasarta ta kai kusan murabba'in kilomita 2,500.

Bashi ne ya fara girgiza Atina. Manomi ya ci bashi a hannun mai ƙasa, ya kasa biya, sai a sayar da shi ko ƴaƴansa. Da abin ya yi kamari har ana tsoron tawaye, a wajen 594 aka damƙa wa wani dattijo mai suna Solon ragamar gyara. Ya soke basussukan, ya haramta a bautar da ɗan gari saboda bashi, ya kasa mutane aji huɗu gwargwadon abin da gonarsu ke bayarwa a shekara. Mai awo 500 yana sama, sai mai 300, sai mai 200, sai ƴan ƙwadago a ƙasa. Wato ya ɗauke muƙami daga kan haihuwa ya ɗora shi a kan dukiya. Babu wanda ya gamsu. Masu kuɗi suka ce ya yi musu asara, talakawa suka ce bai raba gonaki ba. Shi kuwa ya tattara ya bar garin na shekara goma don kada a matsa masa ya sake dokokin.

Bayansa wani Fisistiratus ya ƙwace mulki da ƙarfi. Irin wannan mutum, wanda ya hau ba ta gado ba kuma ba ta doka ba, shi ne tiranos. Da farko kalmar ba zagi ba ce, kuma Atinawa sun ji daɗin zamanin Fisistiratus ɗin. Ɗansa Hifiyas ne ya ɓata sunan, aka kore shi a 510. Shekara biyu bayan haka, a 508, wani ɗan babban gida mai suna Kilistenis, da ya ga abokan hamayyarsa sun fi shi ƙarfi a cikin manya, sai ya juya ga talakawa. A nan ina so ku lura, don mutumin ya san inda cutar take. Ƙabilu huɗu na gado ya tarar, kowace tana bin manyan gidajenta. Ya ƙirƙiro sababbi goma, kowace an haɗa ta da yanki daga cikin birni, yanki daga bakin teku, yanki daga karkara. Masunci da manomin tudu da maƙerin birni suka wayi gari a ƙabila ɗaya, tare suke zuwa yaƙi, tare suke zama a majalisa. Kuma ana rubuta mutum ne a rajistar unguwarsa ko ƙauyensa, waɗanda yawansu ya kai wajen 139.

Sunan irin wannan unguwa demos, kuma kalmar nan dai ita ce ke nufin jama'a. Haɗa ta da kiratos, wato iko, ka sami demokiratiya. Amma akwai ƙaiƙayi a cikin kalmar. Demos na iya nufin dukan ƴan gari, yana kuma iya nufin talakawa kaɗai. Idan masoyin tsarin ya furta ta, ikon kowa da kowa yake nufi. Idan attajiri ya furta ta, cewa yake gayyar na-ayya ta hau kan mutanen kirki. Kalmar da aka fi yin alfahari da ita tun farko ma isonomiya ce, daidaito a gaban doka.

Babban iko yana hannun taron gari, ekelesiya. A kan wani tudu mai suna Finikis ake zama, a fili, kuma a ƙarni na 4 sau arba'in ake taruwa a shekara. Babu wakili, kai da kanka za ka zo. Sankira ya miƙe ya tambayi wanda ke son magana, kuma kowane ɗan gari yana da haƙƙin hawa dutsen ya faɗi ra'ayinsa, haƙƙin da suke kira isegoriya. Yaƙi, sulhu, kuɗin gari, hatsi, duk a nan ake yanke su da ɗaga hannu. Wasu manyan lamura sai mutum 6,000 sun halarta. Kada ku ɗauka kowa ɗoki yake yi. Akwai lokacin da bayin gwamnati kan ja igiya da aka shafa wa jan ƙasa su kewaye kasuwa suna koro masu zaman hira zuwa taro. Mutumin da ya tsaya kan harkar gabansa, bai riƙe wani aikin gari ba, sunansa idiyotes. Kalmar ba ta da zafi a lokacin, amma da ta yi tafiya har harsunan Turai sai ta koma wawa.

Taron dubban mutane ba ya iya tsara wa kansa abin da zai tattauna, saboda haka akwai majalisar mutum 500, bule, hamsin daga kowace ƙabila. A nan ƙuri'ar mai adashe ta shigo. Duk ɗan garin da ya kai shekara talatin yana iya ba da sunansa, sai a ja. Da ƙwayar wake ake yi da farko, daga baya aka sassaƙa wani allon dutse mai ramuka da ake soka ƴan katunan tagulla masu ɗauke da sunaye. Shekara ɗaya ake yi, kuma mutum ba ya wuce sau biyu a rayuwarsa. Kowace ƙabila tana riƙe jagoranci kashi ɗaya cikin goma na shekara, kuma a cikin hamsin ɗin nan kowace rana ana jan mutum ɗaya ya zama shugaba na yini da kwana. Shi ke riƙe hatimin gari da mabuɗan ɗakunan da ake ajiye dukiya da takardu. Gobe wani ne, kuma ba a maimaitawa. Ku yi lissafin da kanku: a cikin shekara talatin, mutum dubu goma da ɗoriya sun ɗanɗana wannan kujera. Mai sayar da kifi ma yana iya kwana da hatimin Atina a hannunsa.

Me ya sa suka yi haka? Aristo, wanda za mu dawo kansa, ya rubuta cewa raba muƙami ta hanyar ja ana ɗaukarsa dimokuraɗiyya, ta hanyar zaɓe kuwa mulkin ƴan tsiraru. Hujjar a fili take. Idan aka ce a zaɓa, wa za a zaɓa? Wanda aka sani, mai kuɗin yanka sa ya ciyar da unguwa, mai baki, ɗan gidan wane. Ƙwayar wake kuwa ba ta san gidan kowa ba, ba a kuma yi mata alkawari. Duk da haka ba su yi wauta ba. Sarakunan yaƙi goma, sitirategos, zaɓensu ake yi kuma ana iya maimaita su, don ba a miƙa rundunar jiragen ruwa ga wanda sa'a kawai ta ɗauko. Ta wannan ƙofa Ferikilis ya riƙe Atina, aka yi ta zaɓensa shekara goma sha biyar a jere har mutuwarsa a 429. Masanin tarihi Tukididis, wanda ya rayu a lokacin, yana ganin a zamanin nan sunan na jama'a ne amma mulkin na mutum ɗaya.

Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne abin da ke biyo bayan muƙami. Kafin ka hau, a tantance ka a bainar jama'a: su wane ne iyayenka, kana kyautata musu, ka biya haraji, ka je yaƙi? Idan ka sauka kuma sai yutuna, wato binciken ƙarshen aiki. Za ka kawo lissafin kowane kwabo, kowane ɗan gari yana iya tashi ya ƙalubalance ka, kuma ba ka da izinin barin gari sai an wanke ka. Sannan ana biyan ladan zama, don talaka ya iya barin gonarsa ya zo. Ferikilis ne ya fara biyan masu zaman shari'a, daga baya ladan ya kai obol uku a rana, rabin dirakma ke nan. Dirakmar nan ita ce ta bi ta Farisa da Larabawa ta zama dirhami a bakinmu.

Kotu ma haka take. Kowace shekara a ja sunan mutum 6,000, daga cikinsu a ja masu zama a kowace shari'a da safiyar ranar, 201 ko 401 ko 501, wani lokaci fiye. Wa zai iya sayen mutum ɗari biyar da bai san ko su wane ne ba sai bayan fitowar rana? Babu alƙali mai fassara doka, babu lauya. Kai za ka kare kanka, ana auna maka lokaci da tulun ruwa mai ɗiga, ruwa ya ƙare magana ta ƙare. Hukunci a rana ɗaya, kuma babu ɗaukaka ƙara.

To, su wane ne wannan demos? A nan dole mu rage murya. Mata ba sa ciki, ko da an haife su a tsakiyar Atina. Baƙi mazauna gari, metoikos, suna biyan haraji suna zuwa yaƙi amma ba su da bakin magana, kuma tun 451 doka ta ce sai uwa da uba duka ƴan gari ne kafin a rubuta yaro. Bayi kuwa dubbai ne. Masana na ƙiyasta cewa maza baligai masu cikakken haƙƙi ba su wuce kashi goma zuwa ashirin cikin ɗari na mazauna ƙasar ba. Azurfar da aka gano a ramukan Lauriyon a 483, wadda Temistokilis ya shawo kan jama'a aka ƙera jiragen yaƙi da ita, bayi ne suka haƙo ta. Jiragen nan suka karya rundunar Farisa a Salamis a 480, talakawan da suka tuƙa su kuma suka dawo gida da ƙarfin cewa su ne suka ceci gari. Ƴancin matuƙin jirgi ya tsaya ne a kan wuyan mai haƙar rami, kuma ba mu ji taron Finikis ya taɓa zama don ya sake duba wannan ba.

Ga kuma wata al'ada. Sau ɗaya a shekara ana tambayar taro ko akwai bukatar a kori wani. Idan aka ce e, sai a sa rana, kowa ya zo kasuwa da tsingaron tukunya, ostirakon, ya karce sunan mutumin da yake ganin ya yi wa gari girma. Wanda sunansa ya fi yawa yana da kwana goma ya fita, ya yi shekara goma a waje. Ba a tuhume shi da laifi ba, ba a taɓa dukiyarsa, idan ya dawo ɗan gari ne kamar kowa. An fara amfani da ita a 487. Fulutak ya kawo labarin Aristidis, wanda ake yi wa laƙabi da Mai Adalci: wani baƙauye da bai iya rubutu ba ya miƙa masa tsingaro, bai san shi ba ne, ya ce ya rubuta masa Aristidis. Da ya tambaye shi abin da mutumin ya yi masa, sai ya ce babu komai, ya dai gaji da jin ana ta kiransa mai adalci. Aristidis ya rubuta sunansa ya miƙa masa. Masu tonon ƙasa sun gano tsingaro sama da 10,000 irin waɗannan. A wata rijiya kusa da tudun Akorofolis an sami kimanin 190 masu ɗauke da sunan Temistokilis, da aka duba rubutun sai aka ga hannun mutum 14 ne kacal. Wato wasu sun zauna sun shirya su don rabawa. Kun ji, abin ya daɗe.

Inda tsarin ya fi nuna rauninsa shi ne ranar da taro ya fusata. A 427, ana cikin dogon yaƙi da Siparta, birnin Mitilene ya yi wa Atina tawaye aka murƙushe shi. Taro ya yanke a kashe dukan mazan garin, a sayar da mata da yara, aka tura jirgi da umarnin. Da gari ya waye zukata suka yi sanyi, aka sake zama. Kiliyon ya ce a tsaya kan hukuncin jiya, wani Diyodotus ya ce kisan ba zai amfani Atina ba, ya yi rinjaye da ƙyar. Aka tura jirgi na biyu, matuƙa suna cin abinci hannunsu na kan filafili, suna barci bi da bi, suka isa an riga an karanta umarnin farko amma ba a fara zartarwa ba. Garin ya tsira, ko da yake an kashe wajen mutum dubu da aka ce su ne kanwa uwar gami. A 406 kuwa babu jirgi na biyu. Atina ta ci yaƙin ruwa a Arginusa, hadari ya hana a tsamo waɗanda jiragensu suka nutse, taro ya haɗa sarakunan yaƙi takwas ya yanke musu hukunci a dunƙule, abin da doka ba ta yarda da shi ba. Aka kashe shida da suka dawo gida, har da ɗan Ferikilis. A cikin masu jagorancin zaman, mutum ɗaya ne ya ƙi yarda a kaɗa wannan ƙuri'a, wani dattijo da ƙwayar wake ta kai majalisa a shekarar. Sunansa Sokiratis.

Shi ne wanda littattafan Larabci ke kira Suƙraɗ. Bai rubuta komai ba, yawo yake a kasuwa yana tsare mutane da tambaya: mene ne adalci, mene ne jarumta, kai da kake hukunci da su ka san su? A lokacin akwai malamai masu yawo, sofis, da ke karɓar kuɗi su koya wa samari iya magana, haja mai tsada a garin da baki ke yanke komai. Sokiratis bai karɓi kuɗi ba, bai kuma ce shi mai hikima ba ne. Mai son hikima dai, filosofos, kalmar da ta zama falsafa a Larabci da Hausa. Almajirinsa Zenofon ya kawo zargin da aka yi masa na raina ƙuri'ar wake, wai yana cewa babu mai ɗaukar matuƙin jirgi ko magini ta wannan hanya, balle mai riƙon gari. A 404 Atina ta sha kashi, Siparta ta ɗora mutum talatin a kan mulki, suka kashe wajen mutum 1,500 cikin watanni. Jagoransu Kiritiyas ya taɓa zama a da'irar Sokiratis. Da jama'a suka karɓe mulkinsu a 403 sun yi rantsuwar yafe abin da ya wuce, kuma sun cika ta fiye da yadda aka zata. Amma a 399 aka gurfanar da Sokiratis, yana da shekara saba'in, bisa zargin ƙin allolin gari da lalata tarbiyyar samari. Masu shari'a wajen 500 suka same shi da laifi, da tazarar da mutum talatin za su iya juyawa. Ya ƙi guduwa ko da abokai suka shirya masa hanya, ya sha dafin da aka ba shi.

Almajirinsa Aflatun bai yafe wa dimokuraɗiyya wannan ba. Ya kafa makarantarsa ta Akademiya a wajen 387, ya kwatanta gari da jirgin da ma'aikatansa ke kokawar riƙe akala alhali babu wanda ya koyi tuƙi, ya ce mulki sana'a ce da ya kamata a bar wa masu ilmi. Sai dai a tuna, Kiritiyas ɗan'uwan mahaifiyarsa ne, kuma yawancin abin da ya iso gare mu game da mulkin jama'a a Atina daga alƙalamin waɗanda ba sa ƙaunarsa ya fito. Masunta ba su bar littafi ba.

Aristo, almajirin Aflatun, ya fi sanyin kai. Baƙo ne daga Sitagira, duk daɗewarsa a Atina bai taɓa samun damar ɗaga hannu a Finikis ba. Shi da ɗalibansa suka tattara tsarin mulkin garuruwa 158, ya ce tambaya biyu ce: mutum nawa ke mulki, kuma don wa? Mutum ɗaya mai yi don kowa sarki ne, mai yi don kansa tiranos. Ƴan kaɗan masu yi don kowa aristokiratiya, masu yi don aljihunsu oligarkiya. Idan masu yawa suka yi don kowa ya kira shi politeya, idan talakawa suka yi don kansu kaɗai, a nan ya ajiye kalmar demokiratiya, a layin gurɓatattu, ko da yake ya ce ita ce mai dama-dama a cikinsu. Daga cikin 158 ɗin nan na Atina ne kaɗai ya tsira kusan cikakke, a kan takardar fafirus da aka samo a Masar aka buga a Landan a 1891 miladiyya, kuma daga gare shi muka san yawancin abin da na faɗa muku game da majalisa da kotu. Malaman Bagadaza sun fassara Aristo har suna kiransa Malami na Farko, manɗiƙinsa ya iso zaurukan malamanmu ta littattafai irin su Sullam na Al-Akhdari. Littafinsa na siyasa kuwa bai shiga hannunsu ba, shi ya sa Ibn Rushd ya yi sharhi a kan na Aflatun a maimakonsa.

Tsarin Kilistenis ya yi shekara kusan 186, da ɗan katsewa sau biyu. Bayan mutuwar Iskandar Mai Girma a 323 Atina ta yi wa Masedoniya bore ta sha kashi. A 322 janar Antifata ya shigo da sharaɗi: daga yau sai mai dukiyar dirakma 2,000 ne zai yi magana a taro. Kimanin mutum 9,000 suka rage a rajista, da yawa daga cikin sauran aka kwashe su zuwa Tarakiya. A shekarar ce Aristo ya rasu a Kalkis, inda ya gudu bayan an fara shirya masa irin ƙarar da aka kai Sokiratis.